Lantarkin Giyar Otomatik a Tsofaffin Motoci: Abin da Mai Mota Zai Iya Dubawa da Kansa a Batsari da Safana

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ɓangaren lantarki na giyar otomatik yake aiki a tsofaffin motoci, da matakan da mai mota zai iya bi da kansa kafin ya yarda da hukuncin cewa giya ta mutu. An ɗora bayanin a kan yanayin ƙananan hukumomin Batsari da Safana na jihar Katsina, inda lalacewar mota a hanya ta wuce batun asarar kuɗi ta shafi tsaron rai. Maƙalar ta nuna cewa Hausa ta wadata da sunayen sassan mota na ƙarfe, amma ta dunƙule sassan lantarki a cikin kalmomi ƙalilan, kuma wannan giɓi yana daga cikin abubuwan da ke hana mai mota gane ciwon motarsa. A ƙarshe an nuna hanyar da harshen zai bi ya cike giɓin.

Fitilun kalmomi: giyar otomatik, lantarkin mota, kalmomin aro, ƙirƙirar kalmomi, Batsari, Safana

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin mota mai giyar hannu. Tun daga 1975, lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, direbobi da kanikawan Arewa suka laƙanci 504 da 505 ciki da bai. Mota ce da ake gane ciwonta da kunne da ido, idan kuma batir ya yi sanyi sai a tara matasa su tura ta ta tashi. Har turin ya shiga salon magana, inda ake kwatanta wanda aka yi wa wahala ya juya baya da motar da aka tura ta baɗe masu turin da ƙura.

Motocin da suka biyo baya, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko 'yan Baljiyam, sun zo da wani tsari dabam. Da yawa daga cikin Camry da Accord da Corolla da aka shigo da su daga Amurka masu giyar otomatik ne, kuma wata ƙaramar kwamfuta ce ke yanke shawarar lokacin da giya za ta canza. Irin wannan mota ba ta tashi da turi, kuma ciwonta ba ya bayyana ga ido. Idan ta fara fizga ko ta maƙale a giya ɗaya, abin da aka fi saurin faɗa wa mai ita shi ne a sauke giya ko a sayo wata. Sau da yawa kuwa ƙarfen giyar lafiyarsa lau, laifin yana ga batir, ko waya, ko soket, ko wani ɗan ma'auni da kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin giya ba. Rarrabe waɗannan cututtuka biyu, na ƙarfe da na lantarki, shi ne ilimin da wannan maƙala ta sa a gaba.

2.0 Batsari da Safana: Dalilin da Ya Sa Batun Yake da Nauyi

Batsari, ƙasar Sarkin Ruman Katsina, da Safana, ƙasar Yariman Katsina, suna yammacin jihar, a gefen dajin Rugu da ya miƙa zuwa iyakar Zamfara. Garuruwa irin su Ruma da Wagini da Runka da Zakka sun shafe shekaru suna fama da hare-haren 'yan bindiga. A irin wannan yanayi, motar da ta tsaya a tsakanin gari da gari bayan la'asar ta jefa mai ita da fasinjojinsa cikin haɗari. Haka kuma motar da gudunta ya ragu ƙwarai, ko da ba ta tsaya ba, ta tsawaita zamansu a kan hanyar da ake son a wuce da sauri.

Abu na biyu shi ne nisan ƙwararru. Mai neman gyaran giyar otomatik daga Batsari yakan nufi birnin Katsina, na Safana kuma Dutsin-ma ko Katsina, idan kuwa kayan gyara suka gagara sai kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Giyar otomatik kuma ba ta son a ja ta da igiya tafiya mai nisa, kamar yadda za a gani a gaba, saboda haka kai motar wurin gyara shi kansa wani kuɗi ne.

Abu na uku shi ne tsufan motocin. Hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa da ya fara aiki a ranar 1 ga Janairu 2017, da rufe iyakoki daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da faɗuwar darajar naira bayan Yuni 2023, duk sun sa canza mota ya yi wa malamin makaranta da ma'aikacin ƙaramar hukuma da ɗan kasuwa wuya. Motar da aka ƙera a 1998 ta haura shekara 25 a kan hanya. Robar wayoyinta ta bushe da zafin bazara da kan wuce digiri 40, ƙurar hunturu ta shige soket-soket ɗinta, ruwan damina ya sa musu tsatsa, ɓeraye kuma sun ɗanɗana wayoyin duk motar da ke kwana kusa da rumbu.

Akwai kuma darasin 2021. A ƙarshen Agustan shekarar gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure ta kuma hana sayar da fetur a jarka, sannan a Satumba aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. A waɗancan watanni ba a iya kiran bakanike a waya, ba a kuma iya neman bayani a intanet. Ilimin da ya yi amfani shi ne wanda yake cikin kai ko yake rubuce a takarda.

3.0 Yadda Giyar Otomatik Take Aiki

3.1 Ƙarfe da Mai

Giyar otomatik ta fara shiga kasuwa da yawa ne da Hydra-Matic na kamfanin General Motors, a motocin Oldsmobile na 1940. Tushen aikinta matsin mai ne. A maimakon kuloci da direba ke takawa, akwai wata rufaffiyar ƙwarya ta ƙarfe cike da mai a tsakanin injin da giya, wadda ke miƙa ƙarfin injin ta hanyar juyawar man. Akwai kuma famfo da injin ke juyawa, wanda ke tura mai zuwa wani faranti mai ɗimbin magudanai da bawuloli. Aikin farantin ya yi kama da na mai noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Zoɓe: ruwa ɗaya ne a babbar hanya, amma bakin da aka buɗe shi ke nuna fangalin da zai sha. Magudanar da aka buɗe wa mai ita ke matse faifan da zai ba da giya ta ɗaya ko ta biyu ko ta uku.

Daga nan za a fahimci abubuwa biyu. Na farko, tun da injin ne ke juya famfon, idan injin a mace yake babu matsin mai, don haka turi ba ya tayar da motar. Na biyu, idan aka ja motar ƙafafun da ke jan ta suna birgima a ƙasa, haƙoran cikin giya suna juyawa ba tare da mai yana zagaya su ba. Camry da Accord da Corolla da ƙafafun gaba suke ja, saboda haka ɗaga gaban ake yi idan tafiyar tana da nisa.

3.2 Shigowar Lantarki

A 1981 kamfanin Toyota ya fitar da giyar da ƙaramar kwamfuta ke sarrafawa, kafin ƙarshen shekarun 1990 kuwa tsarin ya game kusan duk masana'antun. Ɓangaren lantarkin kashi uku ne.

Kashi na farko su ne ma'aunai, waɗanda kanikawa ke kira sansa. Akwai ma'aunin gudun mota, da ma'aunin juyawar cikin giya, da ma'aunin totur mai faɗin yadda direba ya taka, da ma'aunin zafin ruwan injin, da na zafin man giya a wasu motocin. Akwai kuma makunnin da ke faɗin inda sandar giya take, wato P ko R ko N ko D, da makunnin da ke ƙarƙashin birki.

Kashi na biyu ita ce ƙwaƙwalwa, wadda ake kira birenbos a gareji. A wasu motocin ƙwaƙwalwar giya akwatinta dabam, a wasu kuwa, kamar Camry ta 1997 zuwa 2001, tana haɗe da ta injin a akwati ɗaya.

Kashi na uku su ne solonoyid, wato bawuloli masu maganaɗisun lantarki da ke buɗe wa mai hanya ko su rufe bisa umarnin ƙwaƙwalwa. Giyar A140E da ke cikin Camry mai silinda huɗu misali ce mai sauƙi. Solonoyid biyu ne kawai ke samar da giya huɗu: idan na ɗaya ne kaɗai ke da wuta, giya ta ɗaya ke nan, idan duka biyun suna da wuta, ta biyu, idan na biyu ne kaɗai, ta uku, idan babu mai wuta a cikinsu, ta huɗu. Akwai na uku mai kulle ƙwaryar mai idan gudu ya daidaita, domin rage shan fetur. Wannan ya nuna yadda yankewar waya guda za ta iya ɓatar da giya biyu a lokaci ɗaya alhali babu haƙorin da ya karye.

3.3 Tafiyar Ɗingishi

Idan ƙwaƙwalwa ta ga saƙon da ba ta yarda da shi ba, takan daina canza giya ta bar motar a giya ɗaya don kada faifan ciki su ƙone. Ana iya kiran wannan yanayi tafiyar ɗingishi. Giyar AL4 da ke cikin Peugeot 406 da 307 takan maƙale a ta uku, fitilu biyu na gaban direba suna ƙyaftawa. A tsohuwar Accord fitilar D4 ce ke ƙyaftawa, a tsohuwar Toyota kuma fitilar O/D OFF. Motar takan yi nauyi wajen tashi, injin ya riƙa gurnani a kan buɗaɗɗiyar hanya. Wannan ne yanayin da aka fi ɗauka a matsayin mutuwar giya, alhali kuwa matakin kariya ne da masu ƙerawa suka shirya domin motar ta isa gida.

4.0 Matakan da Mai Mota Zai Iya Bi

Kayan aikin ba su da yawa: mitar awon lantarki, 'yan sufanu, sukudireba, tsumma mai tsabta, fesau na wanke soket, da littafin rubutu. Ƙa'idar ita ce a fara da abu mai arha kafin mai tsada, da na waje kafin na ciki.

4.1 Batir da Caji

Cikakken batir da ya huta yakan nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. Idan injin yana aiki, ya kamata mita ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5. Abin da ya gaza haka ko ya zarce yana rikita ƙwaƙwalwa da solonoyid. Sai a duba kawunan batir a kankare farin garin da ke taruwa a kansu, a kuma bi wayar da ta haɗa batir da jikin mota da wadda ta haɗa injin da jiki, domin ta nan ne wuta ke komawa. Sakwarkwacewar kusa ɗaya a wannan wuri takan haifar da alamomi barkatai da ba su da alaƙa da juna.

Akwai al'adu uku na gareji da ke kashe ƙwaƙwalwa. Ta farko ita ce cire kan batir injin yana aiki don a gwada caji, dabarar da aka gada daga zamanin motocin kafireto, wadda a motar zamani take aika wuta mai ƙarfi cikin akwatin. Ta biyu ita ce maye gurbin fiyus da ya ƙone da zaren waya. Ta uku ita ce yin walda a jikin mota ba a cire batir ba. Juya kawunan waya yayin jona batir da batir shi ma yana cikin wannan sahu.

4.2 Man Giya

Ko da yake mai ba lantarki ba ne, ƙarancinsa yana kwaikwayon ciwon lantarki, don haka dole a kawar da shakkarsa da wuri. A tsofaffin Toyota ana duba geji ne mota tana kan wuri mai daidai, ta yi zafi, injin yana aiki, sanda tana kan P. A Honda kuwa kashe injin ake yi a duba cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Giyar AL4 ba ta da geji, ta wata kusa ake gane cikarta. Man Toyota da na Honda ja ne mai haske idan yana da lafiya. Idan ya koma baƙi yana ƙauri, faifan ciki sun ƙone, kuma babu gyaran waya da zai dawo da su. Idan ya koma kamar an gauraya shi da madara, ruwan lagireto ne ya shiga ta bututun sanyaya mai, sai a tsayar da motar nan take.

Kowace giya da irin manta. A140E tana amfani da Dexron, wasu Toyota na baya suna buƙatar T-IV ko WS, Honda kuma tana da Z1 wanda DW-1 ya gaje shi. A kan geji ko a littafin mota ake samun sunan. Zuba kowane jan mai don kawai ja ne yana canza yadda faifai ke kamawa.

4.3 Wayoyi da Soket

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan an kashe mota an cire kan batir, sai a bi damin wayoyin da ya gangara zuwa giya, ana neman inda roba ta tsage, ko inda waya ke gogar ƙarfe, ko ta kusanci salansa, ko ɓera ya ci. A zare kowane soket a hankali, a duba ko akwai koren tsatsa ko laka ko ƙusar da ta lanƙwashe, a fesa masa abin wankewa, a bari ya bushe kafin a mayar. A Mercedes masu giyar 722.6, soket mai ƙusa 13 yakan yi yoyo har mai ya bi cikin waya ya isa ƙwaƙwalwa, saboda haka ganin mai a cikinsa alama ce babba. Ma'aunin gudu mai maganaɗisu yakan tara garin ƙarfe a bakinsa, gogewa kaɗai takan isa a wasu lokutan. Wanke injin da ruwa mai ƙarfi kuwa yana tura ruwa cikin soket, shi ya sa ciwon giya kan bayyana kwana ɗaya bayan wanki.

Cire tamostat daga injin, wanda ake yi da sunan maganin zafi, yana da tasiri a kan giya. Ƙwaƙwalwar Toyota ba ta ba da giya ta huɗu sai ruwan injin ya kai wani zafi, don haka motar da ba ta da tamostat takan daɗe a giya ta uku da safiyar hunturu.

Akwai dabaru biyu da ke fitar da direba daga tsaka mai wuya a hanya. Idan mota ta ƙi juya injin a kan P, a taka birki a gwada a kan N. Idan ta tashi, makunnin sanda ne ya goce ko ya yi datti. Idan kuma sanda ta ƙi fita daga P, a duba ko fitilar birki tana kamawa, domin fiyus ɗinta ko makunninta ne ke sakin sandar. Motoci da yawa suna da ɗan maɓalli ko rami kusa da sandar da ake dannawa a sake ta da hannu.

4.4 Karanta Lambar Ciwo

Tun daga motocin 1996, dokar Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, Turai kuma ta bi sahu a motocin fetur daga 2001. Soket ne mai ƙusa 16 a ƙarƙashin sitiyari. Abin da ake kira jona mota da kwamfuta ke nan. Ƙananan na'urori irin ELM327 suna haɗuwa da wayar hannu ta Bluetooth, kuma karatun ba ya buƙatar intanet. Lambar tana da tsari: harafin P na nufin injin da giya, sifili na nufin lambar gama-gari ce ga duk kamfanoni, 7 kuma na nuna giya. P0700 sanarwa ce kawai cewa ƙwaƙwalwar giya ta ga matsala. P0705 ta shafi makunnin sanda, P0715 ma'aunin juyawar shiga, P0720 ma'aunin juyawar fita, P0740 kullin ƙwaryar mai, P0750 da P0755 kuma solonoyid na ɗaya da na biyu. P0730 tana nufin giyar da aka samu ba ita aka umarta ba, wanda kan nuna zamewar faifai ko ƙarancin matsin mai.

Toyota da suka girmi wannan tsari suna faɗin ciwonsu da ƙyaftawar fitila. Idan aka haɗa ramukan TE1 da E1 na soket ɗin bincike da guntuwar waya, fitilar O/D OFF za ta ƙirga lamba: 42 da 61 na ma'aunan gudu ne, 62 da 63 na solonoyid biyu, 64 na mai kulle ƙwarya.

Wajibi ne a rubuta lambar kafin a goge ta ko a cire batir. Haka kuma lamba tana nuna layin da ke da matsala ne gaba ɗayansa, tun daga ƙwaƙwalwa har zuwa abin da ke ƙarshen wayar. Sayen sabon ma'auni saboda lamba ta ambace shi, ba tare da an duba wayarsa da soket ɗinsa ba, hanya ce ta kashe kuɗi sau biyu.

4.5 Awo da Gwajin Rarrabewa

Ana iya auna solonoyid daga soket na waje ba tare da an buɗe giya ba. A A140E, lafiyayyen solonoyid yakan nuna om 11 zuwa 15 tsakanin ƙusarsa da jikin giya. Idan mita ba ta nuna komai ba, zaren ciki ya yanke. Idan ta nuna kusan sifili, ya haɗe da jiki.

Littafin gyara na Toyota ya tanadi wani gwaji ga wannan giya. Idan aka zare soket ɗin solonoyid aka tuƙa motar a fili marar cunkoso, L za ta ba da giya ta ɗaya, 2 ta ba da ta uku, D ta ba da ta huɗu, R kuma ta ja baya. Idan duk waɗannan suka kama ba tare da zamewa ba, ƙarfen giyar yana da lafiya, a koma neman laifi a lantarki. Wannan gwaji na 'yan mintuna yana iya raba mai mota da asarar kuɗin giya guda.

5.0 Inda Hannun Mai Mota Yake Tsayawa

Baƙin mai mai ƙauri, da ɓurɓushin ƙarfe a kaskon ƙasa, da ƙarar niƙa daga ciki, da zamewar giya alhali mai ya cika babu kuma lambar lantarki, duk alamomi ne na ciwon ƙarfe da ke buƙatar ƙwararre. Buɗe farantin bawuloli a fili mai ƙura kuskure ne, domin ƙwayar yashi ɗaya tana iya maƙale bawul. Canza ƙwaƙwalwa kuwa shi ne mataki na ƙarshe, sai lambar da ke jikinta ta dace, kuma a motoci masu makullin tsaro sai an daidaita ta da makulli. Ba a shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. Ribar mai motar da ya bi matakan da suka gabata ita ce, zai isa gareji da rubutacciyar lamba da sakamakon awo, ya yi magana da bakanike a matsayin wanda ya san abin da ya kawo.

6.0 Abin da Ya Shafi Harshe

Kalmomin mota na zamanin giyar hannu sun zauna daram a Hausa. Birki da kuloci da fulogi sun sami wasali a tsakanin baƙaƙen da suka zo a jere a Ingilishi, saboda tsarin gaɓar Hausa ba ya farawa da baƙi biyu. Lagireto da kafireto sun sauya kama har asalinsu ya ɓoye. Bakanike ya fi su ban sha'awa, domin an ɗauki farkon kalmar a matsayin ɗafa-goshin ba- irin na Bakatsine, har aka sami jam'in kanikawa. Giya da waya da salansa sun shiga jinsin mace saboda ƙarewa da wasalin a. A bakin mutanen yammacin Katsina kuma, inda f kan koma h, ana iya jin hulogi. Binciken Bello Salim na 1981 a kan narkewar kalmomin Ingilishi a Hausa, da nahawun Paul Newman na 2000, sun bayyana dokokin da ke bayan irin waɗannan sauye-sauye.

Hausa ta kuma wadata wajen siffanta alamomi, ta hanyar ɗaukar mota tamkar mai rai: takan mutu, ta tashi, ta sha mai, ta yi tari, ta yi nishi. Direba yana rarrabe fizga da zamewa da jinkiri da nauyi, kuma kowanne yana nuni ga wani sashe. Fizga mai tafiya da ƙyaftawar fitila ta fi karkata ga lantarki, zamewar da injin ke ihu mota ba ta ƙara gudu ta fi karkata ga mai da faifai.

Giɓin yana wajen sunayen sassan lantarki. Ƙamusun Bargery na 1934 ya girmi giyar otomatik ita kanta, fitattun ayyukan ƙirƙirar kalmomi irin su Hausa Metalanguage da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 kuma harshe da adabi suka fuskanta. A gareji, kalmar sansa guda ɗaya tana ɗauke da abubuwa biyar ko shida masu aiki dabam-dabam, lantarki kuma yana nufin duk abin da ido bai gani ba. Idan aka ce wa mai mota sansa ce, ba shi da kalmar da zai tambaya wace ce, balle ya nemi a auna ta a gabansa. Dalilin bambancin a bayyane yake: tsofaffin kalmomin sun shigo ne ta hannun masu koyon sana'a da suka riƙe kayan suka ga aikinsu, sababbin kuwa sunayen rufaffun akwatuna ne da ake cirewa a maye gurbinsu.

Harshen yana da kayan cike giɓin. Tsarin ma-…-i da ya ba da mabuɗi da magogi da ma'auni, idan aka haɗa shi da harafin mallaka, yana samar da ma'aunin gudu, da ma'aunin totur, da ma'aunin zafin mai, da makunnin sanda, da mabuɗin mai a madadin solonoyid. Waɗannan sunaye suna faɗin aikin abin, don haka wanda ya ji su ya riga ya san rabin bayanin. Ba lallai ne su kori kalmomin aro ba, domin mai saye a Ƙofar Ruwa sai ya faɗi sunan da mai shago ya sani. Suna iya zama tare, ɗaya na ciniki, ɗaya na fahimta.

7.0 Kammalawa

Giyar otomatik ta tsohuwar mota tana da ɓangarori biyu, kuma na lantarkin ne ya fi saurin gajiya a yanayin zafi da ƙura da tsufa irin na Batsari da Safana. Shi ne kuma wanda mai mota zai iya dubawa da mita da tsumma da natsuwa, tun daga batir da mai, zuwa wayoyi, zuwa lambar ciwo da awon solonoyid. Abin da ya rage aiki ne na masu nazarin harshe. Sassan Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, tare da masu koyar da kanikanci a Kwalejin Hassan Usman Katsina da rassan ƙungiyar kanikawa ta NATA, suna da damar tattara kalmomin gareji kamar yadda ake furta su, su daidaita rubutunsu, su kuma fitar da jadawalin lambobin P0700 zuwa P0799 cikin Hausa. Takarda ce mai shafi biyu da za ta zauna a aljihun gaban mota, direba ya karanta ta a kan hanyar Runka ko ta Wagini ko da layin waya ya ɗauke.